Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Na Zama Mai Kwasar Fitsari

Makon jiya na tsaya a ranar da aka liƙa sunayenmu a allon sashe, kowa da malamin da zai duba masa aikin binciken kammala digiri. Niyyata in ɗora daga nan, amma tun daren Talata maganar marigayi mai unguwar ƙauyen su Inna ta hana ni sakat, don haka ku yi haƙuri, da ita zan fara. Yana zaune a kan buzu yana ɓare goro, ko kallona bai yi ba, ya ce: "Ku 'yan boko kun iya ɗiba, ba ku iya dawowa ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗan gida ne." Ya ce, "To, Allah ya sa."

Yawancin 'yan ajinmu sun zaɓi abin da za a gama ba a fita rana ba. Wasu ma tsohon kundi suka nemo, aka sake buga musu shi a shagon kwamfuta, aka canza suna da shekara. Ba zan kira suna ba, wasunsu manya ne yanzu, kuma na san suna karanta wannan. Ni tsargiya na zaɓa. Malamina ya tambayi dalili, na jero masa dalilai na littafi. Gaskiyar da ban faɗa masa ba ita ce ni ma na yi fitsarin jini ina yaro.

Duk hutun makaranta a ƙauyen su Inna muke yi, can wajajen Kura. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, aka ja ruwa ta manyan kwalbatoci da magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasar ta canza. Shinkafa, alkama, tumatir da ake lodi a Kwanar Gafan, duk albarkar ruwan nan ce, kuma da kuɗinta aka biya mini makaranta. Mu yara kuwa wanka muke yi a ciki daga hantsi har la'asar. Ranar da na fara ganin jini a ƙarshen fitsarina na ruga gida ina kuka. Kawu ya yi dariya ya ce ai girma ne ya zo, duk namiji sai ya yi. Haka aka ɗauke shi a lokacin, kuma na tarar wasu na nan a kan haka.

Sai a aji biyu na jami'a na ga abin a allo. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ta shiga jikin wata 'yar katantanwa mai son ruwa marar gudu da ciyayi, ta hayayyafa a cikinta, bayan makonni ta fito ta huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba sai ka sha ba. Ta girma ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta na yaga bangon mafitsarar, shi ne jinin. In ta daɗe tana iya taɓa ƙoda, tana iya kai mutum ga kansar mafitsara, mata kuma takan shafi mahaifa. Ina zaune a aji na ji kamar sirrina ake karantawa.

Kawun nan dai, da ya ji abin da na zaɓa, a gaban mutane ya ce: "Mun tura ka ka zama likita, ka dawo mana mai kwasar fitsari." Sunan ya bi ni. Har a bikin Yaya Babba sai da aka kira ni da shi. Shi ne kuma bara ya kira ni da tsakar dare, jikansa na kuka wajen fitsari, yana tambayata sunan magani. Na faɗa masa su je asibiti a auna yaron. Ban tuna masa da komai ba, amma ga shi na rubuta.

Ana cikin shirin fara aiki malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki a farkon Yulin 2013, ba a janye ba sai tsakiyar Disamba. Ɗakunan kwana suka zama kufai. Ɗakinmu da muke mu takwas a gurbin mutum huɗu, risho ɗaya, tukunya ɗaya, garau-garau in wata ya yi sabo, gari da ƙuli in ya yi nisa, kowa ya ɗaure kayansa. Ni na ga damina ce, ga lokaci, sai na tattara na tafi ƙauye da kwalaben roba cike da jakar Bagco.

A nan ne na je gaida mai unguwa ya faɗa mini maganar can. Ashe ba ni ne farau ba. An zo an ɗebi jininsu, an ɗebi ƙasar gonakinsu, an zo da takardun tambayoyi an ƙirga kajinsu da awakinsu. Ko mutum ɗaya bai dawo ya ce ga abin da aka gani ba. Duk da haka ya sa aka yi shela, ya haɗa ni da shugaban firamare da malamin makarantar allo. Iyaye mata sun fi wuya, domin ana tsoron a kai fitsarin yaro wajen boka. Inna ce ta bi gida-gida tana cewa ɗanta ne, in wani abu ya faru a kama ta.

Fitsarin tsakanin ƙarfe goma na safe da biyun rana ake so, lokacin ƙwan ya fi fita. Yara su karɓi kwalba su zagaya bayan aji suna dariya. Wasu kwalaben ba ka bukatar wani awo, ja ne kamar zoɓo. In ɗiga musu maganin hana lalacewa, in jera a kula, in hau motar Kano. A shekarar aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni, sai A Daidaita Sahu, kula a cinyata, ina addu'a kada wani ya tambayi abin da ke ciki. Wata tsohuwa ta taɓa cewa in sayar mata da kunun aya ɗaya.

Wani dattijo ma'aikacin ɗakin gwaji, Allah ya saka masa, shi ya riƙa buɗe mini. Ya koya mini auna mililita 10, a juya a inji, a ɗiga gurɓin a gilashi a leƙa ta madubin ƙara girma. Ƙwan dogo ne, da 'yar ƙaya a gindinsa. Daga 50 zuwa sama a wannan awon, cutar ta yi yawa ke nan. Akwai yaron da na daina ƙirga nasa, na fita waje na zauna. A wani aji, waɗanda ba su da ita ne za ka lissafa da yatsun hannu ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai, maganin ba wani abin wahala ba ne. Praziquantel ne, sha ɗaya bayan an ci abinci, gwargwadon nauyin yaro, miligiram 40 a kowane kilo, ko a tsayar da shi jikin sandar awo a ba shi daidai tsayinsa. Tun 2007 wani kamfanin Jamus ke bayar da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya domin 'yan makaranta. Sai dai yaro ya warke yau, gobe ya koma ruwa. Na rubuta wannan duka a babi na biyar, har da shawarar a yi rijiyar burtsatse da masai kusa da makaranta.

Ranar kare aiki malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya tambaye ni wa ya gano tsutsar. Na ce Theodor Bilharz, a Alƙahira, 1851. Ya gyaɗa kai, aka ba ni maki mai kyau. Cikin su biyar babu wanda ya tambayi ko yaran sun sha magani. Ni ma, tsakani da Allah, ban tayar da maganar ba, murna nake yi. Na ɗaure kundi huɗu, na miƙa uku. Na huɗun na ce na mai unguwa ne, zan kai masa in fassara masa da Hausa da bakina.

Sai bautar ƙasa ta ɗauke ni. Sai neman aiki, sai aure, sai rasuwar Baba. Waɗannan shekarun ba na son taɓa su yanzu. Da na koma sashenmu neman wata takarda, na leƙa ɗakin ajiya na ga kundaye tuli har rufi, gara ta ci na ƙasa. Na ji haushi, na yi ta faɗa a raina cewa ba su san darajar wahalar ɗalibi ba. Ina kan hanyar gida maganar ta faɗo mini: kun iya ɗiba. Nawa kundin yana ƙasan akwati, ƙarƙashin rigunan bautar ƙasa.

Lokacin da na kai shi, mai unguwa ya shekara biyu da rasuwa. Ɗansa ne a kan buzun. Ya karɓa hannu biyu, ya jujjuya, ya ce, "Malam, da Turanci ne?" Na ce eh, amma zan karanta muku. Ya aika a kira shugaban firamare da liman. Muna jira wani saurayi dogo ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce shi ne mai kwalba ta 41, wai har yanzu bai manta lambar ba, yana so ya ji abin da aka gani a nasa.

Yadda zaman ya kaya, da abin da Kawu ya tashi ya faɗa a gaban liman, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.