Ƙwan fitila uku da batir guda na ɓarar kafin na gane rektifaya ce

Ƙwai na uku na fitilar babur ɗina ya mutu ne a hanyata ta komawa Rigasa daga Kawo, bayan sallar isha'i. Na baro Mando na hau baifas, na murza totur don in wuce wata tirela, sai fitilar ta yi wani haske fari fat kamar walƙiya, daga nan kuma sai duhu. Da tocilar waya na lallaɓa har gida, ina tafe ina tsine wa masu sayar da jabun ƙwai. Allah ya yafe mini, ashe ba su da laifi.

Cikin mako biyu aka yi wannan ɓarnar. Kafin nan ma batir ya riga ya ba ni labari, ni ne ban saurara ba. Gefensa ya kumbura, in na yi doguwar tafiya na tsaya sai in ji wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai yana tasowa, kan sandunansa kuma duk farin gari. Na ce tsufa ne, na sayi sabo. Sai da oda ta fara wata irin ƙara mai tsini na haƙura na kai babur ɗin wajen wani dattijo mai riwaya a Tudun Wada.

Bai taɓa sifana ba. Mita ya ɗauko, ya ɗora a kan batir babur na kashe, ta nuna 12.6. Ya ce in tayar in ba shi wuta a hankali. Lamba ta fara hawa, 14, 15, 16, har ta haura 17.

“Kashe, kashe! Ɗana, dafa batirin nan kake yi, ba caji ba.”

“To Baba, kwayil ne?”

“Kwayil aikinsa yake yi. Mai tsare ƙofa ne ya yi barci.”

Bayanin da ya yi mini a tsaye shi ne wannan. Kwayil ɗin da ke cikin inji wutar AC yake bayarwa, mai kai da komowa, kuma iya gudun inji iya ƙarfinta. Batir kuwa DC kaɗai yake ci, wato wutar da ke bin hanya ɗaya. Wannan ɗan ƙarfen mai haƙarƙari da muke kira rektifaya, wasu su ce caja, aiki biyu take yi: ta juya AC zuwa DC, sannan ta tare wutar kada ta wuce ƙima. A babur mai batir volt 12, in inji na gudu ya kamata mita ta zauna tsakanin 13.5 da 14.5 ko kusa da haka. In ta haura 15 ana ƙona kaya, in kuma ta maƙale a 12 da ɗoriya, batir ba ya samun komai. Tawa ɓangaren tarewar ne ya mutu, shi ya sa take sakin komai ya wuce.

Baba ya ce in sayo ya ɗaura mini. Ni kuma da ƙarambani na ce ai noti ɗaya ne da soket, zan iya. Murmushi kawai ya yi.

Washegari na tafi Panteka, na bar tsohuwar a jikin babur, hotonta kaɗai na ɗauka a waya. Yaron shago ya zube mini kala uku a kan teburi, ya ce, “Oga, duk ɗaya ne, baki huɗu ne, ɗauki wannan ta fi nauyi.” Na juya ta a hannu, na ga soket ɗin daidai da na hoton, na biya. Da na ɗaura ta shige tsaf kamar don babur ɗin aka yi ta. Na tayar, fitila ta kawo ja-ja kamar aci-balbal, kafin minti biyar rektifayar ta yi zafin da ba a iya taɓa ta. Na ari mitar maƙwabcina mai gyaran sola, lamba ta tsaya cak a 12.4, ko na murza totur ba ta motsi.

Na koma wajen Baba da kunya. A nan na koyi abin da ya fi komai amfani a wannan wahalar: bakin soket ba ya gaya maka abin da ke ciki. Ƙananan baburanmu tsarin wutarsu iri biyu ne. A wasu, gefe ɗaya na kwayil a haɗe yake da jikin inji, fitilar gaba kai tsaye take shan AC, shi ya sa ba ta kamawa sai inji ya tashi, kuma haskenta na bin totur. Rektifayar irin waɗannan rabin wutar kaɗai take juyawa zuwa batir, sannan ta daidaita ta fitila. A wasu kuma, bakin kwayil biyu duka rektifaya suke shiga, babu wanda ya taɓa ƙarfe, komai daga batir yake sha, da ka murɗa makulli fitila na iya kamawa. Dukansu ana samun su da baki huɗu, roba iri ɗaya, kala iri ɗaya. Manyan babura kuwa wayoyi uku masu ruwan ɗorawa ke fitowa daga kwayil, wannan wani gida ne daban.

Nawa irin na farko ne, na sayo ta irin na biyu. Gwajin ma ba wuya. Baba ya zare soket ɗin kwayil, ya mai da mita wajen da take ƙara in waya ta haɗu, ya sa tsinke ɗaya a wayar kwayil ɗaya a jikin inji. Ta yi tsuwa. Ya ce in da irin na biyu ne shiru za ka ji, in kuwa ka ji ƙara a can to kwayil ɗin ne ya ƙone ya taɓa ƙarfe.

Kalar waya ma ya ja mini kunne a kanta. A nawa, ja ta batir ce, koriya ta jikin ƙarfe, mai ruwan ɗorawa ta fitila, fara ta caji. Baburan China da yawa haka suke, domin tsarin Honda suka bi. Amma wani kamfanin baƙa ce wayar jikin ƙarfensa, kuma babur ɗin da ya ratsa hannun masu riwaya biyar ba a rantsuwa da kalar wayarsa. Akwai mai baki biyar, wadda ƙarin wayar daga makulli take zuwa don rektifaya ta san ƙarfin wutar da ke yawo. In aka bar wannan wayar a sake, wasunsu sai su yi ta tura caji ba birki.

Karo na biyu da tsohuwar a aljihu na je, har da lambar da ke bayanta. Mai shagon da kansa na samu, na ce, “Alhaji, irin wannan nake so, ta babur mai fitilar inji.” Ya canza mini ba gardama, da ɗan ciko a kai. Duk da cikon, kuɗinta bai kai na batirin da na ɓarar ba.

Wajen cire tsohuwar ne na ga abin da nake zargin shi ya kashe ta. Kunnen ƙarfen da take zama a kai ya karye tun a hannun mai babur na farko, sai wani ya naɗe ta da robar tayar ciki ya cusa ta ƙarƙashin kujera, inda iska ba ta ratsawa. Rektifaya kuwa rarar wutar da ta tare zafi take zama a jikinta, haƙarƙarin nan don iska ta kwashe shi aka yi su. Ka haɗa roba da zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu, abin mamakin ma shi ne da ta kai haka. Fiyus ma da na buɗe, ba fiyus ba ne, siririyar wayar tagulla aka murɗa a gurbinsa. Wannan ɗabi'ar ba na jin zan taɓa fahimtarta, abin da kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba.

Na kai wa mai walda ya yi sabon kunne a jikin firam, gefen da iska ke bugawa, nesa da salansa, kuma sama da inda tayar ke watso ruwa da damina. Na cire batir da akwatin CDI, wanda ke sarrafa wutar filogi, kafin ya kunna injinsa, domin wutar walda na iya lalata su. Sauran aikin a ƙofar gida na yi. Wayar nagatif na fara cirewa, ita kuma na mayar a ƙarshe. Na kankare fenti da tsatsa da samfefa har ƙarfe ya fito fes, saboda wasu rektifayoyin ta jikinsu suke haɗuwa da firam, kuma ƙarfen na taya su shan zafi. Bakin soket ɗaya ya yi baƙi, robarsa ta ɗan narke, alamar ya daɗe yana sako-sako. Na yanke shi na sa sabo, na matse da filaya, ban yarda da murɗa waya a naɗe da salatif ba. Na sa fiyus na gaske mai 10, irin wanda aka rubuta a murfin, na ɗaure wayoyin yadda ba za su goga da ƙarfe ba.

Sabon batirin ya tsira, sai dai ruwansa ya ja baya, na cike shi da ruwan batir. Na tayar. A salo, wato inji na aiki ba a murza totur ba, mita ta nuna 13.1. Na ba shi wuta ta hau 14.2 ta tsaya, na ƙara murzawa ta ƙi gaba. Na kunna fitila da sigina, ta ɗan sauka ta dawo. Na zaga har gadar Kawo na dawo na taɓa rektifayar, ɗumi ne kawai irin na kofin shayi.

Da na biya in nuna wa Baba, ya ɗora tasa mitar, bai yarda da lambar bakina ba. Ya duba kunnen da aka yi, ya girgiza shi da yatsa, ya ce noti na son wasa mai sifirin, ɗan zoben ƙarfen nan da ake sawa a ƙarƙashinsa, in ba haka ba girgizar titin Rigasa ta kwance shi. Ya laluba gwangwanin madararsa ya miƙo mini guda. A makon na sayi mitar kaina, tana cikin akwatin gefe tare da sifana mai lamba 10, ƙwai na huɗu kuma yau wata bakwai ke nan yana ci.