Maganin ɓera ya ci mini zabi bakwai a Aboabo

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san labarin tsibirin Lord Howe tun kafin in zuba maganin nan. Tsibiri ne a gabashin Ostareliya, akwai wata tsuntsuwa dangin kazar ruwa da ba ta tashi, a ƙasa take kiwo, a ƙasa take ƙwai. Aladu da kyanwoyi sun ci su har suka rage ƙasa da 30 wajen 1980. Ɓeraye kuwa jirgin ruwa ne ya kai su a 1918. Da za a kashe ɓerayen a 2019, sai da aka kama tsuntsayen sama da 200 aka tsare a keji, sannan aka watsa guba. Yanzu sun haura 1,000.

Ni kuwa a Aboabo, nan Kumasi, ɓera na kwashe ƙwan zabi, sai na sayo brodifacoum, irin wanda suka yi aiki da shi, na cakuɗa da dusa na tura bayan akurki. Zabi suna yawonsu.

Gubar nan ba ta kisa nan take. Jini take hana daskarewa, ɓera ya kan yi kwana uku zuwa bakwai kafin ya mutu, yana fitowa da rana yana tangaɗi. Shiru da na ji kwana biyu, na ƙara zubawa. Kuskure kan kuskure. A rana ta biyar maƙwabciyata ta leƙo: "Malam, zo ka ga zabuwarka, jini a bakinta." Sun tono dusar. Kyanwar gida ma ta ci mataccen ɓera, allurar bitamin K1 a wurin likitan dabbobi ce ta cece ta.

Yanzu bututun roba nake yankawa, faɗin inci uku, tsawon kamu guda, in soke dunƙulen maganin da waya a tsakiya, in kwantar da shi jikin bango inda kashin ɓera yake. Kada a haɗa da dusa. Kaji da zabi a kulle su tun kafin a sa, kowace safiya a tsince gawar ɓera a binne da zurfi. Ƙwan waɗanda suka tsira ma zubarwa na yi, don gubar tana wata da watanni a hanta. Kullewar nan ta sati biyu ita na yi wa ƙyuya.