Yaya ki kai shi asibiti kafin askarawa su kai shi sijin

Jiya bayan isha'i na leƙa gidan yayata a nan Jidda, na tarar ta kulle ɗanta a ɗaki da kwaɗo, wai kar maƙwabta su ji. Yaron shekararsa 23, a gabana aka yanke masa cibi, ƙwayar kaftagon ya fara da ita wai don ya iya kwana yana aiki, yanzu ya koma shabu, wata ƙwayar maye mai ƙarfi, kwana uku baya runtsawa, yana cewa ana magana a cikin bango. An yi ruƙiyya, an yi rubutu, ni ban raina addu'a ba wallahi, amma wannan ciwo ne kuma yana da likitansa.

Na ce mata Yaya, kin san dokar ƙwayoyi ta ƙasar nan Saudiyya ta shekarar 2005 kuwa? Sashe na 42 ya ce idan mai shaye-shaye ya kai kansa neman magani, ko iyayensa ko matarsa ko wani ɗan'uwa ya kai shi, ba za a gurfanar da shi kan shan ba, sharaɗin dai a miƙa abin da ke hannunsa. Sashe na 43 ma ya ba da dama a tura shi asibiti maimakon hukunci. Asibitocin Amal da yanzu ake kira Irada suna nan a Riyad da Jidda da Dammam, don irin su aka gina su.

Sai ta yi shiru ta ce to igama fa? Nan jikina yayi sanyi, domin tasa takardar izinin zaman ta mutu tun bara, kuma da yawan mutanenmu tsoron tarhil, wato a mayar da mutum ƙasarsa, ya fi musu tsoron ciwon. Shi ya sa ake ɓoyewa har ranar da yaro zai fasa motar wani ko a kama shi da ƙwaya a aljihu, lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe, ya gama zaman sijin, wato kurkuku, a sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa takawa ba, da ciwonsa a kai babu uwa babu magani.

Dillalan da ke sayar musu ban tausaya musu ko kaɗan, a yi musu hukunci. Amma yaron da ke jin murya a bango me ɗauri zai gyara masa?

Mun dai yanke da ita kawunsa zai fara bin maganar igamar gobe, ni kuma zan kira 937, layin ma'aikatar lafiya, in tambayi yadda ake kai mara lafiya.