Latas ɗin ƙarshen layi

Yau da safe a wata rumfar leda ta noman latas da ke hanyar Jibiya a Katsina, inda ake ban ruwa da tiyo mai ɗigo daga tanki, latas ɗin ƙarshen layi ya yi yaushi, na kusa da tanki kuwa kore shar. Agogon ban ruwa, wato na'urar da ke sakin ruwa da kanta a kan lokaci, ya buɗe bawul ƙarfe 6 kamar kullum. Da aka kwance filta mai tace ruwan, ashe yashin burtsatse ne cunkushe, har ya toshe hudojin ɗigo na tiyo mai milimita 16.

A riƙa wanke filta duk mako, a buɗe ƙarshen kowane tiyo ruwa ya fita har ya yi garau. Saiwar latas ba ta zurfi, gara ruwa kaɗan safe da yamma da a tula masa lokaci ɗaya. Agogon nan lokaci kawai ya sani, har yanzu sai mutum ya bi layi yana tona ƙasa da yatsa don ya ji ko ruwa ya isa.