Tonon waƙoƙi a intanet: inda manhaja take gazawa

Wanda ya daɗe yana tonon waƙoƙi a intanet ya san manhajar sauraro ba ta san daɗi ba, lissafi kawai take yi. Tun 2015 Spotify ke haɗa wa masu asusu waƙoƙi 30 duk Litinin a jerin Discover Weekly. Yana duba abin da ka ji, ya nemo waɗanda kunnensu ya zo ɗaya da naka, ya ɗebo maka abin da suka ji kai ba ka ji ba. Waƙa kuwa sai ta kai daƙiƙa 30 ake ƙirga ta. To idan ka bar wa yara waya suka yi ta kunna nasu, ko ka kwana da sautin ruwan sama a kunne, lissafin ya gurɓace ke nan, sai ka yi makonni ana turo maka tarkace. Kafin ka miƙa wayar, kunna Private Session, saitin Spotify da ke hana abin da aka ji shiga lissafinka. Amma ko lissafin bai gurɓace ba, wuri ɗaya yake kewayawa da kai, domin da jiyanka yake auna gobenka.

Hanyar da ta fi kai mutum nesa ita ce bin sunaye. Ka sami waƙar da ta kama ka? Buɗe Discogs, rumbun bayanan fayafayan da aka kafa a 2000, ka nemo faifan da ta fito a ciki. Kada ka tsaya kan mawaƙin. Duba wanda ya tsara kiɗan, wanda ya buga ganga ko jita, da kamfanin da ya fitar da faifan. Kowane suna idan ka taɓa shi zai buɗe maka sauran ayyukan mai shi. Ƙananan kamfanoni sun fi amfani a nan, don galibi kunnen mutum ɗaya ko biyu ne ke zaɓen abin da suke fitarwa. Idan lamba ta 14 a jerinsu ta yi maka, da wuya ta 13 da ta 15 su ba ka kunya. Ga kuma Radio Garden, taswirar duniya mai ɗigo-ɗigon kore da aka buɗe a 2016, kowane ɗigo gari ne da tashoshin rediyonsa kai tsaye. A can kan ji abin da ma ba ya cikin manyan manhajoji.

Daga nan sai wahalar gano sunan abin da aka ji. Shazam, manhajar da ke sauraron waƙa ta faɗi sunanta, ba ya jin waƙa yadda mutum ke ji. Yana ɗaukar wuraren da sauti ya fi ƙarfi da tazarar da ke tsakaninsu, ya kwatanta da ainihin ɗaukar da ke rumbunsa. Shi ya sa yake kasawa idan an rera waƙar a dandali, ko wani ya maimaita ta, ko an ƙara mata gudu sosai kamar yadda ake yi a gajerun bidiyoyi. Idan gudun ne, sa guntun a Audacity, manhajar gyaran sauti, ka rage saurin kaɗan-kaɗan kana gwadawa, ka kuma zaɓi wurin da ba mai surutu a kai. Idan karin kawai ka riƙe, manhajar Google tana karɓar gunguni tun 2020. Idan baiti ka riƙe, rubuta shi tsakanin alamun zance don a nemo shi yadda yake. Wani lokacin duk wannan ba ya fisshe ka. Akwai wata waƙa da aka naɗa daga rediyon Jamus a shekarun 1980, aka ɗora ta a intanet a 2007, ba a gano masu ita ba sai Nuwamba 2024, kuma tsohuwar jarida ce ta ba da bakin zaren.

Abin da mutane suka fi sakaci da shi, a ganina, shi ne adanawa. Ajiye adireshin shafi ba ajiya ba ce. A 2019 dandalin sada zumunta na MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya na'urorin ajiya. An rufe GeoCities, masaukin shafukan mutane, a 2009. Flash, fasahar kunna wasanni da bidiyo a shafuka, ya mutu a ƙarshen 2020 ya bar ɗimbin wasanni da shafukan ban mamaki ba sa buɗuwa. Idan ka ci karo da shafi mai ban sha'awa, kai adireshinsa Wayback Machine, rumbun adana shafukan intanet, ka danna Save Page Now nan take. Sai dai rubutu da hotuna yake kamawa, sauti da bidiyo sau da yawa ba sa shiga. Don haka rubuta sunan mawaƙi, sunan faifai, shekara da kamfani a wani wuri naka, ka sayi fayil ɗin inda ake sayarwa, kamar Bandcamp.

Fayil ɗin da ya zo daga hannun da ba ka sani ba kuma, ko an rubuta FLAC a jikinsa, wato nau'in fayil da ba a rage wa sautinsa inganci ba, buɗe shi a manhajar Spek ka ga hoton sautin. Idan hoton ya yanke ƙat a wajen kilohaz 16, wato babu siraran sautuka sama da nan, da alama MP3 ne mai kilobit 128, mai ƙarancin inganci, aka sauya wa riga, ci gaba da neman na ainihi.