Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Muka Bi Gida-Gida da Ɗigon Shan Inna

Makon jiya na tsaya a inda na fita takaba na koma ɗakin Innata a unguwar Bagalam ta Maradi, da yara uku da keken ɗinkin da ko kuɗin cefane ba ya kawowa. Yau kuma labarin aikin da ya fitar da ni daga gida ne.

Innata ungozoma ce, rabin yaran unguwarmu ita ta yanke musu cibi. Don haka da majo, wato babban ma'aikacin jinya na gidan likita, ya zo neman matar da mata suka sani, wadda kuma ta ɗan taɓa lakwal ta iya riƙe alƙalami, sai aka nuna masa gidanmu. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce aikin rigakafin shan inna ne, za a bi gida-gida, akwai ɗan abin sabulu. Inna ba ta ce masa komai ba, sai ta juya ta dubi ƙanena da ke zaune bakin zaure yana ɗinkin takalmi. Yana da shekara biyu, yana gudunsa ko'ina, zazzaɓi ya kwantar da shi, da ya tashi ƙafar dama ta saki. An ce iska ce, an kai shi wurin masu bori, an sha rubutu, an yi turare, ƙafa ba ta dawo ba. Inna ta ce da ni, "Tashi ki bi shi." Wannan a farkon 2004 ne.

A wurin horo na fara ganin mutanen Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda mu nan muka fi sani da OMS, da na UNICEF, tare da ma'aikatan lafiyarmu na jiha. Suka ce tun 1988 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin kawar da cutar, lokacin tana nakasa yara kusan 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. Zuwa wannan shekarar saura ƙasashe shida da ba ta taɓa yankewa ba: Najeriya, Indiya, Pakistan, Afganistan, Masar, da mu, Nijar. Da aka ambaci sunan ƙasarmu sai na ji kunya ta rufe ni. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin da wata likita ta yi mana. Ta ce ƙwayar cutar ta cikin bayan gida take fita, ta bi hannu ko ruwa ta shiga bakin wani yaro, kuma cikin yara 200 da suka kamu, wajen ɗaya ne kawai ƙafarsa ke shanyewa. Sauran suna nan garau, suna wasa, suna rarraba ta. Ranar na fahimci dalilin da ya sa ba za a tsallake gida ko ɗaya ba.

Aka ba kowace ƙungiya akwatin sanyi mai ƙanƙara, da alli, da takardar ƙidaya. Kwalbar maganin ba ta kai babban yatsa ba. A jikinta akwai ɗan tambari, fili mai kusurwa huɗu a cikin zagaye. Muddin na cikin ya fi zagayen haske, magani na da rai. Da zarar zafi ya sa ya yi duhu ya yi daidai da zagayen, to ya mutu, ko a cike kwalbar take sai a ajiye ta gefe. Ɗigo biyu a bakin duk yaron da bai kai shekara biyar ba, a shafa masa alama a ɗan yatsa, a rubuta da alli a ƙofar gida. A baki aikin ba wuya.

Wuyar tana ƙofar gida. Tun 2003 wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da rigakafin, Kano ce ta fi daɗewa a kai, bisa zargin cewa an zuba masa maganin hana haihuwa, wasu ma suka ce har da ƙanjamau. Maganar da aka yi a Kano da safe kuwa, kafin la'asar ta iso tashar Maradi a bakin direbobi, a kaset ɗin wa'azi, a rediyo. Mu kuma aka ba mu hotunan bango da rubutun Faransanci mu liƙa. Wa zai karanta?

Ba na son kowa ya raina waɗanda suka ƙi, domin na zauna a zaurukansu na ji ta bakinsu. Ba jahilci ne ya hana su ba. Suna tuna gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, wanda iyaye suka yi ta kukan ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Suna jin labarin yaƙin Iraƙi kullum dare. Sannan ga tambayar da ta fi kowace nauyi, wadda wata mata ta jefa mini a Sabon Gari tana riƙe da muciya: "Zazzaɓin sauro ya kashe mini ɗiya biyu, in na je likita sai na biya. Shi wannan mi ya sa ake biyo mu da shi har ɗaka kyauta?" Gaskiya ce ta faɗa. Sai a 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani, lokacin da nake ba ku labari kuwa babu wannan. Na ce mata ita wannan cutar ana iya gamawa da ita ɗungum in kowa ya karɓa, shi ya sa duniya ta taru a kanta. Ta saurare ni da kyau, ta kuma hana ni yaranta.

Abin ya fara sauƙi ne da sarakuna suka sa baki. Ƙungiyar sarakunan gargajiya ta Nijar ta shiga aikin tare da UNICEF, sai ga sanƙira yana zagaya unguwa da ganga tun kafin mu fito, limamai na faɗa bayan sallar Juma'a, mai unguwa na haɗa mu da yaronsa. Gidan da ya kore mu jiya, yau in ya ga dogari a bayanmu sai a shimfiɗa tabarma. Ban taɓa son a ce tsoro ne ya buɗe mana ƙofa ba, kuma yawanci ba tsoron ba ne. Mutum ya fi yarda da wanda zai gani gobe a wurin suna ko jana'iza a kan baƙon da ya zo da farar mota.

Duk da haka akwai gidajen da ko sarki bai motsa su ba. Ɗaya daga ciki na aminin mahaifina ne, dattijo mai almajirai, jikoki cike da gida. Na tuɓe takalmi na durƙusa nesa da buzunsa.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau, ɗiyata. Ya haƙuri? Ya marayu?"

Muka gama gaisuwa, na kawo maganar. Ya bar ni na kai aya, har na ambaci ƙanena, wanda shi da kansa ya yi masa rubutun sha. Sai ya ce, "Ɗiyata, ban ce kina ƙarya ba. Amma malaman da na yi karatu wurinsu suna Kano. In Kano ta sha, mu ma mu sha." Na tashi ba tare da na buɗe akwati ba. A hanya na riƙa juya maganar, na ga cewa makullin wannan gida na Maradi yana hannun mutanen wata ƙasa, ni da majo da sarki duk ba mu da shi.

Ashe can sama ana ta kai da kawo. Taron shugabannin ƙasashen Musulmi da aka yi a Malesiya a watan Oktoba na 2003 ya yi kira a kawar da shan inna. An tura tawagogi ƙasashen waje su duba maganin da idonsu. Daga ƙarshe Kano ta amince da wanda aka sarrafa a Indunusiya, ƙasar Musulmi, ta koma rigakafi a ƙarshen watan Yuli na 2004. Kafin nan ɓarna ta riga ta auku, cutar ta koma ƙasashen da suka rabu da ita, ta shiga Cadi da Sudan, ta kai har Botswana, daga baya ta tsallaka teku zuwa Yaman da ita kanta Indunusiyar.

Wanda bai san Maradi ba zai yi mamakin yadda abin Kano da Katsina ke zama namu. Sarautar garin nan ta Katsinawa ce da suka baro birninsu lokacin jihadi. Gulbinmu daga can yake tasowa, ya ratsa mu, ya sake komawa can. Dangin Innata suna Jibiya. Mace za ta goya ɗanta ta tafi biki Katsina ranar da muke ɗigo a nan, ta dawo ranar da su suke farawa, yaro ya tsallake duka biyun ba tare da kowa ya yi niyya ba. Maganin wannan ɗaya ne, a yi rana guda.

Haka kuwa aka yi. A farkon Oktoba na 2004 shugaban Najeriya Olusegun Obasanjo da shugaban hukumar Tarayyar Afirka Alpha Oumar Konaré suka ƙaddamar da gangami a Kano, aka ɗiga wa 'yar gwamna Ibrahim Shekarau maganin a gaban jama'a. Ƙasashe 23 suka fito lokaci guda, da niyyar kaiwa ga yara miliyan 80. Ni aka tura ni Ɗan Isa, garin bakin iyakarmu da Najeriya, saboda na san hanyar.

Kafin ranar an yi wani ɗan zama a wata rumfa kusa da iyaka, ma'aikatan lafiya na ɓangarorin biyu. Aikina raba ruwa ne, amma kunnena na wurin. Manya suka buɗe taro, namu da Faransanci, nasu da Ingilishi, tafinta na ta fama, aka ambaci Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijar da Najeriya da aka kafa tun 1971, aka ambaci yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta 1979 da ta ba mutane damar zirga-zirga. Rana ta yi sama ba a taɓa komai ba. Sai aka shimfiɗa taswira biyu a kan tebur, wani majo namu ya ɗora yatsa ya ce da takwaransa, "Malam, wannan tungar taku ce ko tamu?" Daga nan tafinta ya samu hutu. Kowa ya koma Hausa. Aka gano ƙauyukan da mu muke zaton nasu ne, su kuma suna zaton namu ne, shekara da shekaru ba wanda ya taka. Aka gano rugagen Fulani da ke kwana nan su wuni can. Aka raba su ɗaya bayan ɗaya, aka ce duk wanda ya fi kusa shi zai je, ba ruwan kowa da tuta. Ni a ganina aikin da aka yi cikin wannan sa'ar ya fi duk jawaban safiyar amfani, ko da yake na san ba don manyan sun sa hannu ba da ba a bar ƙananan sun zauna ba.

Ranar aiki muka kafa benci a bakin shinge. Jandarmomi da 'yan duwan suka taimaka, duk motar da ta tsaya sai mun leƙa. Ka hau bayan akori-kura ka tarar da mata a kan buhunan masara, ka ce, "Sannunku iyayena, akwai goyo?" A kwance zane, a juyo da jariri, ka matsa kumatunsa a hankali bakin ya buɗe, ɗigo biyu, ya yamutsa fuska, uwar ta yi dariya. Wajen azahar ƙanƙarata ta narke, na buɗe akwati na ga tambarin ya fara sauya launi, gabana ya faɗi. Can tsallaken shinge akwai wata ma'aikaciya daga Jibiya da muke ta ɗaga wa juna hannu tun safe. Na ruga wurinta. Ba ta tambaye ni takarda ba, ta ce, "Yaya, kawo akwatin," ta ciro ƙanƙara biyu daga nata ta sa mini. Allinta ya ƙare, na karya nawa na ba ta rabi. Da yamma muka zauna muka haɗa lissafi don kada a ƙirga yaro sau biyu.

Da na dawo gari na koma gidan Baba. Ya riga ya ji a rediyo. Ya ce, "Ɗiga mini tukuna." Na dubi majo, ya gyaɗa kai. Na ɗiga wa dattijo mai furfura a harshe, ya tattauna bakinsa ya ce, "Ɗaci gare shi," sannan ya ɗaga murya ya ce a fito da yara. Suka fito a jere, har da na maƙwabta da ke ɓuya a gidan.

A farkon 2006 aka cire Nijar da Masar daga jerin ƙasashen nan shida. Aikin bai tsaya ba, don cutar ta ci gaba da shigowa jifa-jifa, mun yi shekaru muna zagaye. Sai ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Lokacin iyaka na rufe tun 2019, ba damar in je Jibiya in nemi 'yar'uwar nan tawa in yi mata barka. Da aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulki, mutane na kukan tsadar kaya da rashin wuta, ni har da tunanin rumfar nan nake yi, ko akwai mai shimfiɗa taswira a cikinta.

Amma na yi gaba da yawa. Mu koma watan Nuwamba na 2004, zagaye na biyu, a ƙauyukan arewa da gari. Aikin ɗigo yana sa ka riƙe hannun kowane yaro, kuma hannayen da na riƙa kamawa a wannan zagayen ba su yi mini daidai ba. Damina ta ɗauke da wuri, fara ta bi wasu gonakin, ga kaka ta yi amma tiyar hatsi ba ta sauko ba. A wani gida na ga rumbu a buɗe, matar gida na jiƙa anza tun ba a shiga rani ba. Na gaya wa majo, ya rubuta a bayan takardar ƙidaya. Abin da ya biyo baya a 2005, da yadda na koma auna damtsen yara a sansanin masu tamowa, shi ne labarin mako mai zuwa in Allah ya kai mu.