Ashe ba jikin Inna ne ya saba da magani ba

Sati uku na yi ina kwana kan tabarma a barandar asibiti ina jinyar Inna bayan an mata aiki a ciki, aikin dai ya yi kyau Alhamdulillah amma wajen ɗinkin nan ya ƙi kamewa, kullum nas ta zo wanki ta ɗaga bandeji sai ka ga mugunya, ga zazzaɓi da daddare. Kwana biyar ana mata allurar seftiriyazon, shiru kake ji. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa ai jikinta ne ya saba da magani, kuma wlh nima haka na ɗauka.

Sai da aka ɗebi mugunyar aka kai lab, bayan kwana uku na karɓo takarda, sunayen magunguna a jere kowanne da R a gabansa, R, R, R, sai can ƙasa guda biyu masu S. Na ce likita meye wannan kuma? Ya ce Malam ba jikin Hajiya ba ne, ƙwayar cutar ce ta canza, Klebsiella sunanta, duk inda ka ga R toh maganin baya kashe ta, mai S ne yake kashe ta.

Daren nan ban yi bacci ba ina ta karance-karance a waya. Ita bakteriya rabewa biyu take yi in za ta hayayyafa, irin su E. coli in sun samu wuri mai daɗi duk minti 20 sai sun ninka, kuma duk rabewa sai ta kwafi ƙwayoyin halittarta, a wajen kwafar ne ake samun ɗan kuskure jefi-jefi. Yawancin kuskuren bai tsinana mata komai, amma wani sai ya canza daidai inda maganin yake kamawa, ko ya toshe ƙofar da yake shiga. Ana dura magani sauran su mutu ita ta rage ta cika wurin da 'ya'yanta. Kamar tankaɗe ne, gari ya wuce tsaki ya tsaya a rariya, maganin bai koya mata komai ba.

Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne filasmid, wani ɗan zoben ƙwayar halitta da bakteriya suke tura wa junansu kamar yadda muke tura bidiyo ta Xender, ko da ba dangi ɗaya ba ne. A cikinsa ake samun umarnin haɗa sinadarin da ke datse maganin tun kafin ya yi aiki. Akwai wanda ake ce wa NDM-1, a 2008 aka gano shi jikin wani majinyaci a Suwidin da ya taɓa kwanciya asibiti a New Delhi ta Indiya, shima a Klebsiella, kuma har manyan allurai irin su merofenem yake lalatawa, kafin ka ce kwabo ya zaga ƙasashe.

Asibiti kuwa nan ne kasuwarsu, magani ta ko'ina, marasa lafiya jiki ba ƙarfi, ga robar fitsari ga ƙarfen gado ga hannun da ya taɓa wancan ya zo ya taɓa wannan. Abin ba sabo ba ne, tun 1945 Alexander Fleming da ya gano fenisilin ya yi kashedi kan shan maganin da bai kai ƙima ba, a 1961 kuma wata bakteriya mai jure magani da ake ce wa MRSA ta ɓulla a Ingila. Binciken da mujallar Lancet ta buga ya ce a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 wannan matsala ta kashe, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ta Yamma ce a gaba. Na tuna sau nawa na shiga kemis na ce a bani Ampiclox guda huɗu na mura, sai kunya ta kama ni.

Ɗaya daga cikin masu S ɗin aka koma yi wa Inna, kuɗinsa sai da muka yi karo-karo ni da yayyena, kwana na huɗu zazzaɓi ya sauka, miki ya fara kamewa. Na zauna na mata bayanin nan kaf har da misalin rariya, ta gama saurare ta ce toh Allah Ya kyauta, da Gwaggo ta shigo da kunu kuma naji tana ce mata an canza allura ne saboda jikinta ya saba da waccan.